Yana

Tilen ya shigo da ita cikin 'yar kwalba,
laka har gwiwa, fitilar goshinsa bai ko kashe ba.
Ya ce, "Iya Zorka, ga baƙuwa daga ƙarƙashin duwatsun Karst,
daga ramin da tunkiyar Metod ta rufta bara.
Tunkiya aka bi da igiya. Wannan aka samo."

Na goge tabarau. Na sake gogewa.
Shekara arba'in da ɗaya ina zane a gidan tarihin Lubliyana,
buzuzu, kunama, ƙuma, duk sun bi ta bakin alƙalamina.
Bana yana ta fara saƙa a idona na hagu,
sai ga macen gizo-gizo an dire mini
wadda ba ta da ido ko na rantsuwa.

Na sa ta ƙarƙashin madubi, na murɗa a hankali.
Tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba.
Jiki kashi biyu: kai da ƙirji a ƙoƙo ɗaya,
sai ciki, sai ɗan tsinken ƙugu da ya riƙe su.
Launi kuwa babu. Wa zai gani?
Ta yi fari fat kamar tsiron dankalin da aka manta a ɗaki.

Ƙafa takwas, kowace gaɓa bakwai,
hamsin da shida ke nan, na ƙirga sau uku
don hannuna ya fara yi mini ƙarya.
Sirara, dogaye fiye da ƙima,
ga gashi tsaye a kansu kamar allurai.
Da shi take jin numfashin kogo,
ɗigon ruwa, da takun abin da za ta ci
tun yana can nesa bai san an ji shi ba.

Fiƙa biyu a gaba, masu naɗewa kamar wuƙar aljihu,
su kaɗai suka yi ja a duk jikin.
Huhunta shafi-shafi, littafin da iska ke karantawa.
Can ƙarshen ciki ga mazaran siliki,
ƙanana ƙwarai. Ba masaƙiya ba ce, mafarauciya ce,
da ƙafa take neman abinci.

Farfesa Kravanja ya leƙo, ya ce danginta sanannu ne,
gidan masu ido shida, fiƙar ta nuna.
Tilen ya ce gidan dai ɗaya, amma ɗaki daban,
a duba ƙayoyin ƙafa ta huɗu.
Suka yi ta ja har kofi ya huce.
Wai sai an samo namiji za a raba gardama,
don a ɗan hannun da ke gefen bakinsa
aka ajiye hatimin kowace zuriya.
Ranar Talata Tilen zai sake ɗaura igiya.

Kafin nan ba ta da suna.
Lamba ce a takarda, cikin barasa,
kwanan wata, zurfin rami, zafin iska: takwas.
In sun gama za su raɗa mata kalma biyu da Latin,
harshen da shi ma ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa.

Ni dai goshin ne ya tsayar da ni.
Inda ido shida ya kamata su zauna
sumul yake kamar bayan cokali,
ba tabo, ba gurbi, ba alamar an taɓa kuka.
Yaya ake zana abin da babu?
Na ɗiga tawada kewaye da wurin,
na bar takarda ta faɗi sauran.

Magariba ta yi. Bas na ƙarshe zuwa unguwarmu ya wuce.
Likita ya ce wata mai zuwa za a kankare yanar,
in an dace.
Na kashe fitila don in gwada.
Na miƙa hannu bisa tebur,
na taɓa kwalba, na taɓa ruwan goge buroshi,
na kifar da shi.
Alƙalamin yana hagu, ba inda na zata ba.